Hoton Ruwa Sa'ad Da Ya Fusata: Darasi Ga Daura Daga Manyan Tafkunan Amurka

Kwanakin baya, a wata majalisa da muke zama bayan La'asar a cikin birnin Daura, wani matashi ya miƙo mana wayarsa don mu ga wani hoto. Abin da ke cikin hoton ya yi kama da wani baƙin dutse da ya taso daga ƙasa, kansa fari fat kamar an yafa masa auduga, iska tana yayyaga shi. Wani dattijo ya ce wannan teku ne, wani kuma ya ce aikin kwamfuta ne irin na 'yan zamani. Da yaron ya ce ai tafki ne, kuma ruwansa garau yake babu ɗigon gishiri a cikinsa, sai majalisa ta kaure da musu, domin a iya saninmu tafki shi ne wurin da ake shayar da shanu, a buga tubali, yara su yi wanka. Ba mu san shi da miƙewa tsaye ba.

Alal haƙiƙa ba laifinmu ba ne, mu mutanen rijiya ne. Tarihin Daura kansa a bakin rijiya ya ƙullu, wato Kusugu, inda labari ya nuna cewa macijiya ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe ta a zamanin Sarauniya Daurama. Ruwan da muka gada kaka da kakanni shi ne wanda ake jefa wa guga a jawo, wanda matsalarsa ita ce ƙaranci. To amma cikin shekaru hamsin da suka wuce an kawo mana wani irin ruwa dabam har ƙofar gida. Ga madatsun ruwa na Sabke da Daberam a yankinmu, ga Zobe a Dutsinma, ga Jibiya, ga Tiga da Watari da Challawa a jihar Kano. Jama'a sun koma kamun kifi da noman rani da fito a kansu, amma har yanzu da idon rijiya muke kallon su. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu tsaya mu dubi abin da ke bayan wancan hoto, ko ma samu abin ɗauka a ciki.

Inda hoton ya fito

A kan iyakar Amurka da Kanada akwai manyan tafkuna biyar da ke haɗe da juna: Superior, Michigan, Huron, Erie da Ontario. Su kaɗai suna ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na dukkan ruwan daɗin da ke kwance a doron ƙasa. Babbansu, Superior, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 82,000, wato ya ninka jihar Katsina har sau uku da ɗoriya. Shi kuwa Erie, inda aka ɗauki hoton da muka yi musu a kansa, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 25,700 ne, ya ɗan ɗara jihar Katsina baki ɗayanta, kuma ya yi daidai da girman Tafkin Chadi a farkon shekarun 1960 kafin fari ya cinye shi. Tsawonsa kilomita 388, kusan nisan Daura zuwa Kaduna ke nan.

Wanda ya yi suna da irin waɗannan hotuna shi ne Dave Sandford, mutumin Kanada, wanda ya daɗe yana ɗaukar hotunan wasan hoki na ƙanƙara. A kakar shekarar 2015 ya riƙa zuwa gaɓar Erie a wani ƙaramin gari mai suna Port Stanley, ya shafe awoyi cikin tsananin sanyi da iska yana jiran igiyar ruwa ta taso. Da hotunan suka fita sai suka zagaye duniya, kuma hatta mutanen da aka haifa a bakin tafkin sun yi mamakin cewa ruwan da suke wanka a cikinsa da zafi shi ne wannan. A yau, da zarar watan Oktoba ya kama, masu kyamara kan yi dafifi a gaɓar waɗannan tafkuna suna bin rahoton yanayi kamar yadda manomi ke bin hadari.

Me ya sa sai da kaka? Dalilin shi ne ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi, kuma yana jinkirin sakinsa. Lokacin da iska mai sanyi ta fara gangarowa daga arewacin Kanada a watannin Oktoba da Nuwamba, tafkunan suna nan da sauran ɗumin da suka tara. Haɗuwar iska mai sanyi da ruwa mai ɗumi tana ƙara wa guguwa ƙarfi, kuma a lokacin ƙanƙara ba ta riga ta rufe fuskar ruwan ba balle ta danne shi. Masana sun ce abu uku ke gina igiyar ruwa: ƙarfin iska, tsawon lokacin da ta ɗauka tana kaɗawa, da kuma nisan da ta yi tana tafiya a kan ruwa ba tare da wani abu ya tare ta ba. Erie yana kwance ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, daidai hanyar da iskar ke bi, saboda haka takan samu ɗaruruwan kilomitoci tana tura ruwa. Bugu da ƙari shi ne mafi ƙarancin zurfi a cikin biyar ɗin, matsakaicin zurfinsa mita 19 ne kacal, kuma ruwa marar zurfi ya fi saurin hargitsewa, igiyoyinsa kan zo a tsaitsaye, kusa da kusa, suna karo da juna.

Akwai ma wani abin al'ajabi da iska ke yi wa wannan tafki. Idan ta daɗe tana kaɗawa, takan tattara ruwan ta jibge shi a gefe guda, tamkar an karkata ƙwarya, har bambancin tudun ruwa tsakanin birnin Toledo da birnin Buffalo ya zarce mita 4. A watan Oktoban 1844 irin wannan ya afka wa Buffalo cikin dare, mutum 78 suka halaka. A tafkin Superior kuwa, ranar 24 ga Oktoban 2017, wata na'urar awo da ke shawagi a kan ruwa ta auna igiyar da ta kai mita 8.8, tsawon da ya kai na bene mai hawa biyu ko fiye.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan duk sha'awa ce ta waɗanda suka ƙoshi. Mutanen can sun biya kuɗin wannan sani da rayuka. Guguwar 7 zuwa 10 ga Nuwamban 1913 ta nutsar da manyan jiragen ruwa 12, ta kashe mutum fiye da 250. Ranar 10 ga Nuwamban 1975 jirgin dakon tama mai suna Edmund Fitzgerald, mai tsawon mita 222, ya nutse a tafkin Superior da ma'aikatansa 29, ba wanda ya tsira. Bayan wannan musiba an tsaurara dokokin lodi da na kayan ceto, an kuma zuba na'urorin auna iska da igiyar ruwa a kan tafkunan. A 1995 aka ciro ƙararrawar jirgin daga ƙarƙashin ruwa aka ajiye a gidan tarihi na Whitefish Point, inda ake kaɗa ta duk shekara don tunawa da mamatan. Hotunan guguwa wani sashe ne na wannan tunatarwa. Yaron da ya tashi yana ganin su a bangon makaranta da shafin jarida ba sai an yi masa dogon bayani ba kafin ya san cewa tafki yana da ranar fushi.

Tamu kakar, da namu hadarin

Mu ma muna da lokacin da ruwanmu ke tashi, ko da yake sanadinsa dabam ne. Duk wanda ya girma a ƙasar Daura ya san hadarin farkon damina da na ƙarshenta, wanda kan haɗo daga gabas da yamma lis, gari ya yi tsit, sannan iska ta riga ruwan sama isowa da ƙura da yayi, ta kware rufin kwano, ta kwantar da gero da dawa. Irin wannan hadari yana tafiya ne a jere daga gabas zuwa yamma, kuma iskar da ke gabansa takan zarce kilomita 70 a cikin awa guda. A ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, daidai lokacin da ake shirin girbi, madatsun ruwa sun cika sun batse, faɗinsu ya kai maƙura, wato iska ta samu filin gudu mafi tsawo a shekara. Daga Nuwamba kuma iskar hunturu ta karɓa, tana busowa daga arewa maso gabas, ba ta kai ta hadari ƙarfi ba, amma takan wuni tana kaɗawa, ga hazo da ke hana mai jirgi hango gaɓa.

Ko shakka babu ba za a ga igiya mai mita 8 a Sabke ko Zobe ba. Amma lissafin nan na abu uku bai san Kanada ba, bai san Katsina ba. Iskar da ke gudun kilomita 70 a awa, idan ta samu fili na kilomita biyar a kan ruwa, tana iya tayar da igiyar da ta kai rabin mita zuwa kusan mita guda. Ga wanda ke tsaye a tudu wannan ba komai ba ne. Ga kwalekwalen katako da aka cika da mutane da buhuna da babura, har tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa ba ta wuce taƙi ɗaya ba, wannan ita ce iyakar tafiya. A ƙara da cewa yawancin madatsunmu an cika su ne a kan daji da gonaki, kututturan itatuwa suna nan a ƙarƙashi suna jiran jirgin da iska ta kauce da shi daga hanya.

Ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai ba, ranar 30 ga Nuwamban 2021, sa'ad da jirgin fito ya kife a madatsar Watari da aƙalla mutum 29, galibinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. A watan Mayun wannan shekarar wani jirgi ya karye a kan kogin Kwara kusa da Wara ta jihar Kebbi, aka nemi mutum fiye da 100 aka rasa. Mu nan gida kuwa, a watan Mayun 2022, ana cikin shagulgulan ƙaramar Sallah, kwalekwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'adua, aƙalla mutum 15 suka rasu, mafi yawansu yara. Gaskiya ne cewa a Bagwai da Wara abin da aka fi ɗora wa alhaki shi ne lodin da ya wuce ƙima. Sai dai mu tambayi kanmu, me ke sa uwa ta miƙa ɗanta cikin jirgin da ya riga ya cika? Ai don a idonta ruwan shimfiɗaɗɗe ne kamar tabarma, ba ta taɓa ganin sa a wani hali ba.

Abin takaici shi ne yadda kyamarorinmu ke isa bakin ruwa. Daura ba baƙuwar masu ɗaukar hoto ba ce. Duk Sallah da duk Gani ana ɗaukar dubban hotunan dawaki da 'yan lifida da dogarai, kuma a watan Yulin 2025, lokacin jana'izar tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari, babu wata babbar kafar labarai da ba ta haska garin ba. Amma ruwanmu ba ya samun mai kallo sai ya ci rai. A sannan ne za ka ga kowa ya zaro waya, ana ɗaukar gawarwakin 'ya'yan mutane a jere a kan yashi, ana watsawa a Facebook da WhatsApp ba tare da tunanin iyayensu ba. Wannan ihu ne bayan hari, kuma cin mutuncin mamaci ne. Hoton da zai yi mana amfani shi ne wanda aka ɗauka tun kafin a yi asara, wanda zai nuna wa mai fito da fasinjansa yadda wannan ruwa yake minti goma bayan hadari ya haɗo.

Yadda ake yin aikin

Ga matasanmu masu sha'awar wannan fanni, kuma suna da yawa a manyan makarantun da ke Daura a yanzu, aikin yana da ƙa'idoji. Na farko shi ne sanin inda za a tsaya. Tun da hadarinmu daga gabas yake zuwa, gaɓar yamma ce igiyar ruwa ke duka, da hunturu kuwa gaɓar kudu maso yamma. A nan ma Allah Ya yi mana wata baiwa da masu ɗaukar hoto na wasu ƙasashe ke nema ido rufe. Wanda ya tsaya a yamma da La'asar yana fuskantar gabas, rana tana bayansa, haskenta ja yana sauka a kan farin kumfa, sama kuma ta yi baƙi ƙirin a bayan ruwan. Wannan yanayi ba ya wuce 'yan mintoci, don haka sai an riga hadarin isa wurin, an kuma san wurin tun da rana tsaka.

Na biyu shi ne kayan aiki. Igiyar ruwa ba ta jira, saboda haka ana saita ƙiftawar kyamara ta yi sauri ƙwarai, kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan ko fiye, don ɗigon ruwa ya tsaya cak a cikin hoto. Ana amfani da dogon gilashi mai jawo nesa kusa, na milimita 300 ko 400, wanda shi ne ke ba mutum damar tsayawa can nesa a kan tudu. Ana ɗauka ne a jere ba ƙaƙƙautawa, domin cikin hoto ɗari da wuya a samu biyar masu kyau. Ƙura ta fi ruwa illa ga kyamara a ƙasarmu, don haka a rufe ta da leda, kuma kada a sauya gilashi a cikin iska. Wanda ba shi da babbar kyamara kada ya raina wayarsa, bidiyon sakan talatin da aka ɗauka da hannu a dafe ya isa shaida. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a sa wani abu da aka san girmansa a cikin hoton, kamar bishiya ko turken ɗaure jirgi ko sandar auna ruwa, sannan a rubuta rana da lokaci da wuri da inda iska ta fito. Hoton da ba shi da kwanan wata ado ne kawai, wanda ke da shi kuwa ya zama hujja.

Na uku, kuma shi ne gaba da komai, tsare rai. Guguwar Kanada sanyi ne makaminta, tamu kuwa da tsawa take tafe, kuma mutumin da ke tsaye a fili a bakin ruwa riƙe da ƙarfe ya ba da kansa. Ƙarar tsawa tana cin kilomita ɗaya cikin kimanin sakan uku. Idan tsakanin walƙiya da ƙara bai kai sakan 30 ba, lokacin tashi ya yi, a shiga mota ko gini, ban da gindin bishiya, kuma kada a fito sai an yi rabin awa ba a ji ƙara ba. Kada a shiga ruwa, kada a hau jirgi don neman kusanci, kada a tafi shi kaɗai, kada kuma a ja yara a baya. Haka nan madatsun ruwa kadarorin gwamnati ne, ya wajaba a nemi izinin masu kula da su da na mai gari, a kuma yi la'akari da halin tsaron yankin kafin a kama hanya. Babu hoton da ya kai ran mai ɗaukarsa daraja.

Wani abin da bai kamata a tsallake ba shi ne ilmin masu ruwan. Sarkin ruwa da masunta da masu fito sun san alamomin da babu su a littafi: launin da ruwa ke yi kafin iska, inda kututture yake, kusurwar da jirgi ke fakewa. Waɗannan dattawa suna ƙarewa, kuma yawancin yaran da ke tuƙa jirage a yau ba su zauna da su ba. Mai kyamarar da ya zauna da su, ya haɗa hotonsa da bayaninsu, ya taskace abu biyu a lokaci guda.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta sanya rigar kariya daga nutsewa, amma doka a takarda ba ta tsoratar da wanda bai ga abin tsoro ba. Gani ya kori ji. Ina ganin babu abin da zai hana ƙananan hukumomin masarautar nan biyar, Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango, su haɗa hannu da Majalisar Masarauta da ƙungiyoyin masu ɗaukar hoto, a tara hotunan madatsunmu a lokacin hadari da hunturu, a buga su manya a kafa a kowace mashiga da makarantun da ke kusa da ruwa, da gajeren bayani cikin boko da ajami. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda jihar Katsina ke ƙarƙashin kulawarta, za ta iya sauƙaƙa bayar da izini, ita ma ta amfana da hotunan wajen gane inda ruwa ke cin gaɓa. Gidajen rediyonmu su riƙa karanta gargaɗin iska na Hukumar Hasashen Yanayi, NiMet, da Hausa, suna ambaton madatsun da sunayensu. A lokacin Sallar Gani kuma, sa'ad da baƙi suka cika gari, a ware zaure guda a baje waɗannan hotuna kusa da na hawa.

Duk wannan ba ya bukatar kwangilar biliyoyin naira. Abin da yake bukata shi ne 'yan matasa masu haƙuri da natsuwa, da manyan da za su tsaya musu. Kakanninmu sun adana mana labarin rijiya ɗaya fiye da shekara dubu, domin sun san rayuwarsu a kanta ta rataya. Ruwan da aka tara mana a wannan zamani shi ma ya cancanci a san halinsa, a kuma nuna wa na baya, kafin wata Sallar ta sake zame wa wani ƙauye ranar makoki. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya kuma kiyaye na gaba.